Littafin da Nake Buɗewa ta Dama

Ni allo na yi. Mahaifinmu bai sa ko ɗayanmu a boko ba. Ba ƙi ya yi ba, makarantar ce ta yi wa ƙauyenmu nisa a lokacin, gona kuma tana neman hannu. Na sauke Alƙur'ani a gaban wani malami a Gwaram, na ɗan taɓa ƙananan littattafan addini, sannan na dawo ƙauyenmu da ke kusa da Sara na kama fartanya. Duk littafin da na taɓa riƙewa, ta dama ake buɗe shi. Ban taɓa tunanin akwai wata hanyar ba, kamar yadda mutum ba ya tsayawa tunanin hannun da zai ci tuwo da shi.

'Yata ta fari tana aure a Fatakwal. Mijinta ɗan garinmu ne, albasa yake sayarwa a can. Da ta haihu, yarinyar ta isa yaye, sai aka kawo mana ita kamar yadda aka saba, a kan ta yi 'yan watanni ta manta da nono a mayar da ita. Ana haka uwar ta sami wani cikin da ya ba ta wahala, aka ce a bar yarinyar tukuna. Aka haihu, aka sake cewa tukuna. Da haka ta zauna a gidanmu har ta kusa fara famfara.

A wajenmu uba ba ya sakewa da ɗan fari. Ban taɓa kiran 'yata da sunanta ba, ban taɓa ɗora ta a cinya a gaban mutane ba. Tana ƙarama yayata ta ɗauke ta riƙo zuwa Zandam. In na je can, kowa nake gaisawa da shi sosai sai ita, a ce mini tana lafiya, in gyaɗa kai ina kallon wani wuri. Haka ubana ya yi da yayata, haka na tarar, ban kuma ga wanda ya ce laifi ne ba. Amma jika daban ce. Jika ba a kunyarta. Duk wasan da ya taru a ƙirjina tun ina saurayi, a kan yarinyar nan ya sauka.

Amarya nake ce mata, ita kuma ta ce mini tsoho. In na dawo daga gona sai in tsaya a bakin zaure in ɗaga murya.

"Amarya, ina tuwona?"

"Ban dafa ba. Ba ka da haƙori."

"Haƙorana sun fi naki yawa."

"To gemunka ya yi fari. Ni na fasa auren."

Mai ɗakina, wadda yara ke kira Inna, sai ta amsa daga bakin murhu ta ce, "Gara ki fasa, ki bar mini kayana. Ni na san yadda nake lallaɓa shi."

Littafin ya zo ne cikin wani ƙullin kaya da uwarta ta aiko ta hannun direban motar albasa. Akwai takalma, da sabulu, da 'yar riga mai ruwan ganye, sai shi a ƙasa. Faffaɗa ne, bai da kauri, takardarsa tana sheƙi. Kowane shafi hoto ne babba mai launi, a ƙarƙashinsa kuma layi ɗaya ko biyu na rubutun boko. Yarinyar ba ta ko kalli takalman ba. Ta ɗauko littafin ta zo ta haye cinyata ta ce, "Tsoho, karanta."

Bayan la'asar ne, muna kan tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida. Na yi bisimilla na buɗe shi ta dama. Rubutun ban san me ya ce ba, amma hotunan a bayyane suke, sai na bi su.

Hoton da na fara gani, wata yarinya ce ita kaɗai a tagar wani dogon bene, ga motoci a ƙasa kamar tururuwa. A gabanta akwai takarda, ta zana ɗan jaki a kai. Na ce, "Wannan yarinya a birni take, ba ta da abokin wasa. Kullum sai ta zana jaki tana cewa, ina ma nawa ne."

Na juya. Ga ta cikin mota tsakanin buhuna da akwatuna. Na ce, "Ran nan sai babanta ya ce, tashi mu tafi ƙauye wajen kakanki." Na juya. Ga mutane a ƙofar gida, tsoho da tsohuwa da yara, kowa ya ɗaga hannu. Na ce, "Ga su nan sun fito tarya, suna cewa maraba, maraba." Na juya. Ga yarinyar ta rungume wuyan wani ɗan jaki, idonta a rufe. Na ce, "Ashe jakin da take zanawa yana nan yana jiran ta."

Daga nan sai labarin ya yi ta daɗi. Sun je rafi tare. Sun ɓuya a cikin dawa ana neman su. A wani shafin ma sun tashi sama, ita tana bisa bayansa, kunnuwansa sun buɗe kamar fukafukai, sun wuce kan bishiyar kuka, mutanen gari sun zama ƙanana. Hoton da na ƙare da shi, gidan ne gaba ɗaya an zauna ana cin abinci a gindin bishiya, jakin ya leƙo kansa ta saman katanga. Na ce, "Shi ke nan. Ta zauna a wajen kakanta, ba ta sake komawa ko'ina ba."

Ta ce, "Sake."

Na sake. Washegari ma na sake. Damina ta shigo ta fita, wata ta sake shigowa, muna kan littafin nan. Ta haddace maganata har in na canja kalma sai ta ɗora hannu a bakina. In mun zo shafin tashi sama sai ta rufe ido ta buɗe hannuwa, ta riƙa faɗa mini abin da take gani a ƙasa: ga kasuwar Sara, ga mai ƙosai, ga Inna tana shanyar kuɓewa a kan rufin ɗaki, ga tsoho ya yi ƙanƙane kamar ɗan tsako. Ni kuma in ce ta riƙe kunnen jakin da kyau kada ta faɗo mini a gonar gyaɗa.

Ba mu da jaki a gidan. Na maƙwabcinmu take zuwa ta tsaya a gabansa tana yi masa magana a hankali, wai tana tambayar sa ko ya iya tashi. Ta dawo ta ce mini ya ce sai ranar da babu mutane.

Da Babbar Sallah uwarta ta zo da sabon jaririn da ta haifa. Da yammacin ranar da suka sauka, yarinyar ta ɗauko littafin don ta nuna wa uwarta yadda muke yi. Na zauna na ba da labarin kamar kullum. 'Yata tana ƙofar ɗakin Inna tana tsince shinkafa a faifai, ta ba mu baya. Na lura hannunta ya tsaya tun ina shafin farko. Da na kai wajen maraba, sai ta tashi da sauri ta shige ɗaki. Na jiyo su ita da uwarta suna magana ƙasa-ƙasa, sai wata dariya da aka toshe da mayafi.

'Yata ba za ta iya gaya mini da bakinta ba. Sai da safe, da Inna ta kawo mini koko, ta zauna a gefen tabarma, abin da ba ta saba yi ba in tana da aiki.

Ta ce, "Malam, wai ashe ta baya kake buɗe littafin nan."

"Wace baya?"

"Na boko ta hagu ake farawa. Inda kake ƙarewa, nan ne farko."

Na ajiye ludayin. Na jero hotunan a raina daga ɗaya gefen. Ana cin abinci a gindin bishiya. Tashi sama. Rafi. Rungumar jaki. Mutane a ƙofar gida sun ɗaga hannu. Mota. Taga.

Na ce, "Ke nan ba zuwa ta yi ba."

Inna ta ce, "Tafiya ta yi." Ta gyara bakin zanenta. "Akwai kuma wata maganar. Uban jikarmu ya ce in an gama girbi za a zo a ɗauke ta. Ta isa shiga makaranta, yana so ta fara a can."

'Yarsa ce, aro aka ba mu, aron ma ya daɗe fiye da yadda aka yi alkawari. Na shanye kokon na ɗauki fartanya.

A gona abin ya yi ta cin raina. Tafiyarta na san ba ni da iko a kanta. Abin da ya tsaya mini shi ne, za ta shiga makaranta, ba da daɗewa ba za ta iya karatu, wata rana za ta ɗauko littafin nan ta buɗe shi ta inda ya dace. Za ta ga babu ko ɗaya daga cikin abin da na gaya mata. Yaro ba ya neman dalili. Za ta ce tsohon nan na ƙauye ashe bai iya ba, ƙirƙira yake yi. Ina so kafin ta bar hannuna in karanta mata shi yadda aka rubuta, da bakina, ko sau ɗaya, don in ta tuna ni ta tuna wanda ya karanta mata littafi da gaske.

Akwai ajin manya da ake yi a firamaren Sara bayan la'asar, in yara sun tashi. Na daɗe ina wucewa ta wajen ina jin su suna maimaita baƙi da wasali, ban taɓa tsammanin zan shiga ba. Malamin tsohon hedimasta ne da ya yi ritaya, mutum mai sanyin magana. Ranar da na je, na tarar da wani abokina mahauci a bencin gaba, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa saboda ƙanƙantar bencin.

Ya ce, "A'a, alaramma da kansa. Me ya yi zafi? Kansila za ka tsaya?"

Na ce, "Zuwa na yi in ga ko kana rubutu da wuƙa."

Malamin ya tambaye ni abin da ya kawo ni, don ya ce kowa da nasa. Wani waya yake so ya iya dubawa, wani takardar asibiti. Na ce littafin yara nake so in karanta. Aka yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce in kawo littafin ya gani.

Nan aka sami matsala. Yarinyar ba ta yarda littafin ya bar gidan. Da shi take kwana, a ƙarƙashin matashinta. Na roƙe ta aro, ta ce in dai ba da ita za a je ba, a'a. Sai na tuna da tsohon allona da ke rataye a zaure. Na sauko da shi na wanke, na dama tawada, na fere alƙalami. Da hantsi, in ta tafi islamiyya, sai in ɗauko littafin in kwafe layin da ke ƙarƙashin hoto ɗaya a kan allon, harafi bayan harafi, kamar mai zanen hula, ban san abin da nake zanawa ba. Da la'asar in saɓa allon a kafaɗa in tafi Sara. Mutane suna gani na a hanya suna cewa Malam ya koma tilawa.

Malamin ya karɓi allon ya daɗe yana kallo. Ya ce hannuna yana da kyau, sai dai haruffan sun jingina baya kamar iska na kaɗa su, don daga dama na faro su. Bai karanta mini ba. Ya ce in ya karanta mini, haddacewa zan yi, ya san halin mutanen allo, kunnenmu ya fi idonmu sauri. Ya sa ni na riƙa haɗa baƙi da wasali da kaina, ina nunawa da tsinke. Na yi kwanaki a kan layin nan guda. Ran da ya fito daga bakina, ji na yi kamar wani ne ya yi magana a bayana.

"Wannan gidanmu ne. Muna cin abinci tare."

Mahauci ya ce, "Duk wannan gumin a kan tuwo ne ashe."

Haka na riƙa bi, shafi bayan shafi. In na iya layi sai in wanke allon in kwafo na gaba. Ido ya saba da tafiya daga hagu, ko da yake har yau in na gaji yakan koma gidansa na da. Layukan gajeru ne, yarinyar cikin littafin ce take magana da bakinta. Ta ce jakinta abokinta ne. Ta ce yana jin maganarta ko da ba ta buɗe baki ba. A shafin tashi sama ta ce in ta rufe ido, babu inda ba sa zuwa. Na ji daɗin wannan, don a nan ni da mai littafin ba mu saɓa ba.

Sai na iso inda ta rungume wuyan jakin. A nawa labarin, murnar haɗuwa ce ta sa ta rufe ido. Abin da aka rubuta shi ne, babanta ya sami aiki a birni, kuma ba a shiga mota da jaki. Na zauna da allon a cinya har aka tashi daga aji. Malamin ya zo ya tsaya a kaina, ya duba layin, ya duba ni, ya tafi goge allon bango.

Gero ya nuna, aka shiga girbi, ga cirar gyaɗa ta biyo baya. Zuwa aji ya gagara sai jefi-jefi. Na samu na kwafe shafin ƙofar gida da na mota. Na ƙarshen, mai tagar bene, rubutunsa ya fi na sauran yawa, kusan rabin shafi. Na buɗe shi ba sau ɗaya ba da alƙalami a hannu, sai in ce gobe.

Wata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, na ga lokaci yana ƙurewa, na kira yarinyar. Ta haye cinyata. Na karɓi littafin na juya shi na buɗe ta hagu.

Ta ce, "Ba nan ba ne."

"Yau ta nan za mu fara. Duba, ga abin da aka rubuta." Na ɗora yatsa na fara, a hankali, ina tsayawa a kan kowace gaɓa.

Ta saurara har muka wuce rafi. Sai ta ɗago kai ta dube ni. "Tsoho, me ya sami bakinka? Kana magana kamar mai ciwon haƙori."

"Karatu nake yi."

"Da can ba karatu kake yi ba?"

Ta fizge littafin ta juya shi ta buɗe ta dama ta danna mini a hannu. "Ka tsufa ka manta. Daga taga ake farawa. Ka ce ba ta da abokin wasa."

Na ba ta labarin da ta sani. Ta yi barci kafin a kai shafin cin abinci.

Inna tana gefe tana ɓarar gyaɗa, duk ta ji. Ta ce, "Wa ya aike ka? Yarinya tana son abinta, ka bar mata."

Na ce, "Za ta gane wata rana."

"In ta gane sai me? Ni da na gane gemun nan ba zai koma baƙi ba, tafiya na yi?"

Na yi dariya, amma raina bai kwanta ba. Ban sake gwadawa ba. Na ci gaba da bitar layukan a gona, ina ɗaurin dami ina maimaita su, ban san ranar da za su yi amfani ba.

Da aka kai amfanin gona rumbu, 'yata ta zo. Kwana kaɗan ta yi. Ba wanda ya zaunar da yarinyar ya gaya mata, amma ta ga Inna tana wanke kayanta duka a rana ɗaya, ta ga an ƙulla mata kuka da daddawa da yajin da take so. Ta daina tsokanata. In na ce amarya ina tuwona, sai ta zo ta jingina da ƙafata kawai.

Ba a saba uba ya raka 'yar fari tasha ba. Ranar tafiyar na ce ina da sayayyar maganin ƙwari na wake a Birnin Kudu, tunda hanya ɗaya ce bari mu tafi tare. Inna ta dube ni ta ce, "Ai kuwa waken nan yana buƙata." Ita a ƙofar gida ta tsaya. Ba ta ɗaga hannu ba, ta riƙe bakin mayafinta ne da hannu biyu.

A tashar Birnin Kudu muka tarar motar Kano ba ta cika ba, daga Kano ne za su hau babbar mota. Muka zauna a wani benci a rumfar mai shayi. 'Yata ta zauna a can ƙarshe da jaririn, ta juya fuska wajen titi. Yarinyar tana tsakaninmu da 'yar jakarta a cinya. Ta yi ta kallon yadda ake ɗaura buhuna a saman mota. Can sai ta zuge jakar ta ciro littafin, ta juya shi a hannunta, ta miƙo mini ta hagu.

Ta ce, "Yi irin na mai ciwon haƙorin."

Na yi bisimilla na fara. Hayaniyar tasha ta yi yawa, sai da ta matso da kunnenta kusa da bakina. Ban yi sauri ba, ba na ma iya saurin. Inda na yi tuntuɓe sai ta jira, ba ta yi dariya ba. A shafin tashi sama ba ta rufe ido ba, yatsana take bi da kallo. Da muka zo wajen rungumar jaki na karanta abin da ke wurin kamar yadda yake. Ta ce, "Don me ba a shiga mota da shi?"

Na ce, "Ba zai iya zama a kujera ba."

"Wa zai ba shi dusa?"

"Kakanta."

Ta gyaɗa kai, ta juya shafin da kanta. Mutanen ƙofar gida. Na karanta: suna cewa ta sauka lafiya, ta gaishe da mutanen birni. Ɗan kamasho ya fara kiran a shiga, saura mutum ɗaya. Na juya shafin mota na karanta shi da ɗan hanzari, kalma ɗaya ta kuɓuce mini na koma na ɗauko ta. Sai ga taga, da rubutun nan mai yawa da ban taɓa kwafewa ba. Na ɗora yatsa a kan kalmar farko. Doguwa ce, haruffan suka haɗe mini.

'Yata ta miƙe ta gyara goyonta. Ba ta dube ni ba, ƙasa take kallo. Ta ce, "Baba, ka iya sosai." Tun da aka haife ta, ban tuna ta taɓa gaya mini wata magana da ba gaisuwa ko amsa kira ba.

Na ce, "To. Allah ya kiyaye hanya."

Na rufe littafin na sa wa yarinyar a jaka. Aka ɗaga ta aka miƙa ta ciki. Ba ta sami gefen taga ba, wani mai babbar riga ya tare, don haka ban ga fuskarta ba da motar ta tashi. Na tsaya har ta fita daga tasha. Na shiga kasuwa na sayi maganin waken, tunda na ce shi ya kawo ni.

Gidan ya yi faɗi bayan tafiyarta. Bayan la'asar ne ya fi wuya, don jikina ya saba da nauyinta a wannan lokacin. Sai na koma aji sosai, ba na fashi. Na gama littafin farko na manya, na shiga na biyu. Yanzu ina karanta allunan kan hanya da saƙon waya, ina kuma rubutu, ga shi har ina rubuta wannan, ko da yake ina daɗewa. In na je Birnin Kudu nakan tsaya wajen masu sayar da littattafai in duba na yara. Akwai masu kyau, na zomo, na kasuwa, na wata yarinya da ƙanenta. Irin namu dai ban taɓa gani ba. Na kwatanta wa wani mai shago hotunan, ya ce bai san shi ba.

Sallah ta zagayo ba su zo ba, hanya ba ta da kyau. Wata ta sake zagayowa, ƙanen yarinyar ba shi da lafiya. Muna gaisawa ta waya in ubanta ya kira. Muryarta ta canja, ta yi sauri, tana sako Turanci a tsakiyar magana. Tana da ƙawaye, tana lissafa mini su. Wani lokacin in na ce amarya sai ta ji kunya ta miƙa wa uwarta wayar.

Kwanakin baya suka kira da yamma, ina zaune a gindin darbejiya ina gyaran igiyar guga. Bayan gaisuwa sai ta ce, "Tsoho, na iya karatu yanzu. Na karanta littafin jakin nan duka, ni kaɗai."

Na ce, "Har ƙarshe?"

"Har ƙarshe. Wajen tagar nan da ka kasa. In ɗauko in karanta maka?"

Na ji motsinta, har ta tashi za ta ɗauko. Ina son in san abin da yarinyar nan ta ce a bakin taga. Na daɗe ina son sani, na yi ta juya shi a gona, na ƙirƙira mata magana iri-iri.

Na ce, "A'a, bar shi. Wayar nan ba ta fitar da magana sosai. Ki riƙe mini sai kin zo."

"Yaushe za mu zo?"

"Tambayi babanki."

Na ji ta juya tana tambaya, na ji muryarsa daga nesa yana cewa in Allah ya yarda bayan damina. Ta dawo ta faɗa mini. Na ce to, ta sa littafin a ƙasan jaka tun yanzu kada a manta.

Da aka kashe wayar, Inna ta ce, "Da ka bari ta karanta maka ka huta."

Na ce wayar ba ta da caji sosai. Ta dubi wayar, ta dube ni, ta tashi ta shiga ɗora tukunya.